Ƙadandoniyar da na tsinta sabon nau'i ce? Yadda ake tantancewa da raɗa mata suna

Tambaya: Wani ɗalibin ilimin halittu ya aiko cewa: "Malam, a farkon damina na tsinci wata ƙadandoniya a ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture, cikin kurmin bakin rafi kusa da gonar gyaɗarmu. Mulmulalliya ce, baƙa wuluk, ƙafafunta rawaya, tsawonta kamar santimita 8. Na duba hotuna a intanet ban ga irinta ba, manoman wurin ma sun ce ba su saba ganinta ba. Yaya zan san ko sabon nau'i ce, kuma in sabuwa ce yaya ake sa mata suna?"

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana, kuma ka yi kyan kai da ba ka yi saurin shela ba. Ba abin mamaki ba ne ta zama sabuwa. Nau'o'in ƙadandoniya da masana suka siffanta suka raɗa wa suna sun haura 12,000, an kasa su cikin manyan rukunai 16, kuma duk mai wannan fanni ya yarda cewa waɗanda ba a kai gare su ba suna da ɗimbin yawa. Dazuzzuka da fadamun Afirka ta Yamma suna cikin wuraren da ba a tattara su sosai ba. Sai dai launi, da tsawo, da rashin ganin hotonta a intanet, babu ɗayansu da ke zama hujja. Shaidar nau'i tana ɓoye ne a zobe na bakwai na jikin baligin namiji, inda wasu ƙafafu suka rikiɗe suka zama kayan barbara, waɗanda masana ke kira gonofod. In babu baligin namiji a hannunka, aikin bai fara ba tukuna. In kana da shi, mafi girman wahalar da ke gabanka ita ce tabbatar da cewa wani bai riga ka sa mata suna ba tun shekara ɗari da suka wuce.

Fara da sanin yadda jikin yake a tsare, domin duk bayanin da za ka karanta ko ka rubuta da lambar zobe ake yin sa. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa, yana da sauri, yana cizo. Ƙadandoniya tana tafiya a hankali, in an taɓa ta sai ta yi gammo, kuma mafi yawan zobbanta ƙafa huɗu gare su. Bayan kai akwai zobe na farko mai kama da wuyan riga, ba shi da ƙafa, sunansa kolum. Zobe na 2 da na 3 da na 4 kowanne jeri ɗaya gare shi, wato ƙafar hagu da ta dama. Daga na 5 zuwa baya jeri biyu ne a kowane zobe. A ƙarshe akwai telson, zoben da ba shi da ƙafa, mai ɗauke da marufai biyu na dubura. In ka yi lissafi za ka ga zobe na bakwai shi ke ɗauke da jeri na 8 da na 9.

To, juya ta rigingine ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ka ƙirga ƙafafu daga gaba. In namiji ne, bayan jeri na bakwai za ka ga giɓi, kamar an cire ƙafafu daga wurin. A mulmulallun nau'o'i irin naka gonofod a janye suke cikin jiki, sai dai ka hango tsininsu, kuma zoben kan ɗan kumbura fiye da maƙwabtansa. Mace kuwa ƙafafunta a jere suke ba giɓi. Akwai tarko a nan: namijin da bai balaga ba shi ma yana da giɓin, amma in ka buɗe 'yan ƙulle-ƙulle kawai za ka tarar, ba su da siffar da za a dogara da ita. Duba gab da telson. In ka ga zobba da yawa marasa ƙafa, dabbar tana cikin girma. Yawanci 'ya'yan ƙadandoniya suna fara rayuwa da jeri uku kacal, kuma duk lokacin da suka yi saɓa sai zobba da ƙafafu su ƙaru. A mulmulallun nau'o'i, baligai biyu na nau'i ɗaya kan sha bamban a yawan zobba. Shi ya sa ƙirgar ƙafa ba ta raba gardama.

Misali mafi kyau a kan wannan shi ne Eumillipes persephone, wadda Paul Marek da Bruno Buzatto da abokan aikinsu suka siffanta a 2021. An same ta ne cikin ramukan da masu neman ma'adinai suka haƙa a yammacin Ostireliya, har zurfin mita 60. Wata mace cikinsu tana da zobba 330 da ƙafafu 1,306, tsawonta kusan milimita 95, kaurinta bai cika milimita ɗaya ba, ba ta da ido. A ido ta yi kama ƙwarai da Illacme plenipes ta Kalifoniya, mai ƙafafu har 750, wadda ita ma siririya ce, fara, makauniya. Amma da aka duba sassan jiki da ƙwayoyin gado sai aka ga ko babban rukuninsu ba ɗaya ba ne: ta Ostireliya tana cikin Polyzoniida, ta Kalifoniya tana cikin Siphonophorida. Zama cikin ƙasa ne ya sa suka yi kama. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka sai ka koma wurin da ka tsince ta. Lokacin da ya fi shi ne makonnin farko bayan ruwa ya zauna, da sassafe ko da dare da tocila, domin da rani suna nutsewa cikin ƙasa, baligai kuma ba kowane wata ake samun su ba. Ɗaga kututture, duwatsu da ɓawon itace, duba gindin suri da tarin ruɓaɓɓen ganye, ka yi hattara da kunama da maciji, ka mayar da duk abin da ka ɗaga yadda ka same shi. Nemi baligan maza biyar zuwa goma, mata kamar haka, da 'yan ƙanana kaɗan. Namiji ɗaya tak ba zai nuna maka abin da ke canzawa tsakanin ɗaiɗaikun nau'i ɗaya ba, kuma zai iya zama mai naƙasa. In ka yi sa'ar samun namiji da mace suna barbara, sa su kwalba ɗaya su kaɗai ka rubuta haka, domin a wuri ɗaya ana iya samun nau'i uku masu kama da juna, kuma wannan ce hanya mafi tabbas ta sanin wace mace ce ta wane namiji. Ƙananan nau'o'i masu milimita kaɗan ba a samun su da hannu. Ana tankaɗe ruɓaɓɓen ganye da rariya mai manyan idanu, a zuba abin da ya sauka cikin mazurari mai raga, a kunna ƙwan lantarki a sama na 'yan kwanaki, zafi da bushewa su koro su ƙasa cikin kwalbar itanol, wato sinadarin alkohol. In wurin gandun daji ne na gwamnati, kamar Gashaka-Gumti, sai da izinin hukuma a rubuce, haka ma fitar da samfuri zuwa wata ƙasa, musamman tun da yarjejeniyar Nagoya, ta ƙasashen duniya kan amfani da albarkatun halittu, ta fara aiki a 2014.

Kafin ka kashe ko ɗaya, ɗauki hotonta da rai, daga sama da gefe, da rula a kusa. Rawayar ƙafafun nan da ta ja hankalinka za ta iya kodewa cikin itanol, baƙin kuma ya koma toka-toka. Rubuta launi da warin ruwan da take fitarwa. Manyan mulmulallu suna fitar da sinadaran benzokwinon, masu rina yatsa kamar lalle, kuma sabulu ba ya fitar da rinin sai ya goge da kansa. Masu faffaɗan baya da yawa suna fitar da sayanayid, gubar nan ta rogo mai ɗaci, shi ya sa in ka rufe su kwalba ɗaya da wasu ƙwari sai ka tarar ƙwarin sun mutu. Kada ka taɓa ido kafin ka wanke hannu, in kuma ruwan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a ga likita.

Wajen adanawa ne ake yawan ɓarna. Domin nazarin siffa ana amfani da itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100. In wanda ka samu kashi 96 ne, auna mililita 780, ka cika da tsaftataccen ruwa zuwa lita ɗaya, ka sami kimanin kashi 75. Kashi 96 tsagwaronsa yana busar da jiki ya sandare, ƙafafu su riƙa karyewa da an taɓa. Ƙasa da kashi 70 kuma ciki ya ruɓe, zobba su rabu. Ruwan ya ninka girman dabbar aƙalla sau biyar, kuma a canza shi bayan kwana ɗaya, domin ruwan jikinta yana tsinka shi, ruwan warinta kuma yana mayar da shi ja. Kada ka yi amfani da fomalin: yana lalata ƙwayoyin gado, kuma tsaminsa yana cin allin da ke ƙarfafa ɓawon jiki. Kada ka soke ta da allura ka busar kamar malam-buɗe-littafi, za ta wargaje. In aka jefa ta da rai cikin itanol takan mutu a nannaɗe, awo da fiɗa su yi wuya, don haka wasu kan fara sa ta a firiza, sannan su miƙar da ita cikin siririyar kwalba daidai tsawonta kafin ta sandare. Tun a ranar farko cire ƙafafu huɗu zuwa shida daga tsakiyar jiki, gefe ɗaya, ka sa su 'yar kwalba daban cikin kashi 96, da lamba iri ɗaya da ta uwar kwalbar, ka ajiye a firiza domin gwajin ƙwayoyin gado.

Takardar bayani kuwa cikin kwalbar ake sa ta, a rubuce da fensir, domin tawadar biro tana narkewa, abin da aka manna a waje kuma yana ɓallewa. A rubuta ƙasa, jiha, gari mafi kusa, lambobin GPS, tsayin wurin daga teku, irin mazaunin, rana da wata da shekara, da sunan mai tattarawa. Samfurin da ba a san inda ya fito ba kusan ba shi da amfani ga kimiyya, komai kyansa.

Daga nan sai a gano babban rukuni, kuma wannan ba shi da wuya. Uku ne za ka fi cin karo da su. Polydesmida ba su da ido ko kaɗan, baligansu yawanci zobba 20 gare su har da telson, kuma da yawa suna da fiffike-fiffike a gefen zobba da ke sa bayansu ya yi faɗi. Spirobolida mulmulallu ne, ana gane su da wani tsagi da ya taso tsaye daga leɓe zuwa tsakiyar fuska, zobensu na biyar kuma jeri ɗaya yake nunawa. Spirostreptida su ma mulmulallu ne, amma ba su da wannan tsagi a ƙasan fuska, kuma cikinsu ne ake samun ƙattai irin Archispirostreptus gigas ta gabashin Afirka, wadda kan haura santimita 30. Bisa yadda ka siffanta taka, zargina ya fi karkata ga rukuni na uku. Duba marufan dubura: in kowanne yana da ƙaya a samansa, akwai alamar tana cikin dangin Odontopygidae, dangin da a Afirka yake. Wannan yana da muhimmanci gare ka. 'Yan wannan dangi, kamar gidan Peridontopyge (gida shi ne rukunin nau'o'i makusanta a cikin dangi), sanannun maɓarnata gyaɗa ne a yankin Sahel, suna cin iri da ƙananan kwanso, kuma saboda ɓarnar ne masana irin su Jean-Marie Demange na Faransa suka yi aiki a kansu a Sanigal. Nau'in da ke shiga gona ya fi yiwuwa a ce an riga an san shi. Wanda ba ya barin inuwar kurmi shi ya fi ba da fata.

Yanzu ga fiɗar, wadda ita ce zuciyar aikin. Kana buƙatar maikiroskof mai ido biyu da ke ƙara girma daga sau 10 zuwa 50 ko fiye, matsefata biyu masu tsinin gaske, siraran allurai da aka dasa a tsinke, da ɗan farantin gilashi. Komai cikin itanol ake yin sa, a nutse, domin in gonofod ya bushe ko na 'yan mintuna ne siraran sassansa sukan lanƙwashe, ba kuma za su koma daidai ba. Kada ka fara da namijin da ya fi kyau. Fara koyo da wanda ya riga ya lalace. Riƙe jikin da matsefata ɗaya, ka lanƙwasa shi a hankali ta baya har mahaɗar zobe na 7 da na 8 ta buɗe, ka raba jikin gida biyu a nan. Ta bayan zobe na bakwai za ka ga gonofod biyu, hagu da dama, a zaune cikin jakarsu. Yanke naman da ke riƙe da gindinsu da allura, ka kama su ta gindi ka zaro su tare. Kada ka ja ta tsini, a nan ne duk siffofin da kake nema suke. In nama ya rufe su, a jiƙa su cikin ruwan fotasiyam haidiroksaid mai kashi 10 cikin 100, ana dubawa akai-akai, a ɗauraye da ruwa, a mayar cikin itanol. In aka bar su suka daɗe ciki sai su yi laushi su koma kamar leda, siffar ta ɓace.

Kowane gonofod yana da manyan sassa biyu: koksa, wato gindin, da telofodait, reshen da ke fitowa daga cikinsa. A jikin reshen akwai wani siririn tsagi da maniyyi ke bi, yana ƙarewa a wani tsinke da ake kira solenomiya. A dangin Odontopygidae reshen murɗaɗɗe ne kamar igiya, da ƙayoyi da faffaɗan ganye a ƙarshensa. Abin da za ka lura da shi shi ne siffar kan koksa, yawan ƙayoyi da inda kowace ta tsiro da inda ta fuskanta, tsawon solenomiya, da ko bakin ganyen yana da haƙora. Henrik Enghoff na gidan tarihin halittu na Kofanhegan ya siffanta sababbin nau'o'i 20 na gidan Chaleponcus daga tsaunukan Udzungwa na Tanzaniya a aiki ɗaya a 2014, kuma da irin waɗannan siffofi ne aka fi rarrabe su, domin a waje da yawansu kusan ɗaya suke.

Kuskuren da ya fi haifar da nau'o'in ƙarya shi ne kusurwar kallo. Abu ne murɗaɗɗe, in ka ɗan karkata shi kaɗan sai ƙaya ta ɓuya, ko gajere ya zama dogo. Dole ka zana ko ka ɗauki hoto daga gaba, daga baya, daga ciki da daga waje, kuma in za ka kwatanta da zanen wani, ka ajiye naka daidai yadda ya ajiye nasa, ka kuma tabbatar hagu kake kwatantawa da hagu. Ɗan lallausan yashi mai tsabta a gindin faranti yana riƙe shi a kusurwar da kake so. Kowane hoto ya zo da layin awo. Inda akwai hali ana amfani da maikiroskof mai aiki da ilektiron, bayan an tsane samfurin an shafe shi da ɗan zinare, kuma a 2015 Nesrine Akkari da abokan aikinta sun siffanta Ommatoiulus avatar ta ƙasar Sifen da hoton sikan mai nuna kowane ɓangare. Amma kyakkyawan zanen hannu mai gaskiya har gobe karɓaɓɓe ne. Da ka gama, sa gonofod cikin 'yar mitsitsiyar kwalba, toshe da auduga, ka jefa ta cikin kwalbar mai shi. Gonofod da ya rabu da jikinsa asara ce biyu.

Sauran siffofin da ake rubutawa: yawan zobba masu ƙafa da marasa ƙafa, misali 54+1+T (T na nufin telson), kauri a tsakiyar jiki, wanda ya fi tsawo aminci domin zobba suna shigewa cikin juna, yawan ƙwayoyin ido da layukansu, siffar gefen kolum, zoben da ƙofofin wari suka fara, galibi na 6, wani lokaci na 5, zanen da ke bakin bayan kowane zobe, jerin ƙafa na farko na namiji da 'yan matasan da ke ƙarƙashin ƙafafunsa, da al'aurar mace, wadda ke bayan jeri na biyu.

To, a ce ka zana komai. Yanzu ne za ka shiga aikin da ya fi cin lokaci. Sabon nau'i shi ne wanda ya bambanta da duk 'yan gidansa da aka riga aka sani, saboda haka sai ka san su duka. Fara da rumbun MilliBase a intanet, ka fitar da sunan kowane nau'i na wannan gida da shekarar da aka siffanta shi, har da sunayen da aka soke. Sannan ka nemo bayanin asali na kowanne. Tsofaffin da yawa suna nan kyauta a Biodiversity Heritage Library, amma da Jamusanci da Faransanci da Latin aka rubuta mafi yawansu. Porat ya yi aiki kan na Kamaru a 1894, O. F. Cook ya siffanta na Laberiya a shekarun 1890, Carl Attems na Biyena ya sa wa ɗaruruwan nau'o'in Afirka suna, Otto Kraus ya tsara dangin Odontopygidae a 1960 da 1966, Krabbe kuma ta tsara dangin Spirostreptidae a 1982. Wanda bai bi ta kan waɗannan ba bai isa ya ce tasa sabuwa ce ba.

Matsalar ita ce wasu tsofaffin bayanai layi biyar ne ba zane, wasu kuma a kan mace ko ɗan ƙarami aka yi su. A irin wannan hali sai an duba samfurin asali da kansa, kuma na Afirka ta Yamma yawanci suna gidajen tarihin halittu na Turai: Biyena, Balin, Faris, Landan, da Tervuren a Beljiyam. Rubuta wa mai kula da tarin, ka nemi hoton gonofod daga kusurwoyin da ka ambata. In samfurin ya ɓata, ko mace ce, mafita ita ce a je garin da aka fara samo shi a tattaro maza daga can. Ina ba ka shawara da babbar murya ka haɗa kai da wanda ya ƙware a wannan dangi. Masu wannan fanni a duniya ba su da yawa, kuma hoto ɗaya mai kyau zai iya sa ɗayansu ya rage maka aikin wata shida. Kada ka manta da baƙin haure: Oxidus gracilis, Orthomorpha coarctata da Trigoniulus corallinus duk 'yan Asiya ne da suka bazu ƙasashe masu yawa cikin ƙasar tukwanen shuka, kuma an sha raɗa musu sabon suna bisa kuskure a wuraren da suka sauka.

Gwajin ƙwayoyin gado mataimaki ne. Abin da aka saba karantawa shi ne wani yanki mai harufa 658 na ƙwayar gado da ake kira COI, a kwatanta da abin da ke rumbunan intanet na GenBank da BOLD. Daga ƙafa ake ɗauka, domin hanji cike yake da tsutsotsi da ƙwayoyin da za su gurɓata sakamako, ruwan wari kuma yana iya hana gwajin tashi. Rashin samun wanda ya dace da naka a rumbun ba ya nufin sabuwa ce, domin 'yan Afirka ta Yamma kaɗan ne aka taɓa shigarwa. Haka nan ƙa'idar bambancin kashi 2 ko 3 cikin 100 da wasu ke ara daga nazarin ƙwari ba ta zauna sosai a nan ba: ƙadandoniya ba ta tafiya nesa, don haka 'yan nau'i ɗaya a tsaunuka biyu kan yi nisa a ƙwayoyin gado alhali gonofod ɗinsu ɗaya ne. Inda gwajin ya fi amfani shi ne haɗa mace da ɗan ƙarami da namijinsu, da kuma ƙarfafa bambancin da ido ya riga ya gani.

In duk wannan ya nuna sabuwa ce, raɗin suna yana da doka, wato kundin ICZN na dokokin sa wa dabbobi suna a duniya, wanda bugunsa na huɗu ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2000. Suna kashi biyu ne, kamar sunan gida da sunan yanka: na farko da babban harafi, na biyu da ƙarami, duka da haruffan Latin, ba lanƙwasa ba ɗigo, don haka ƙ za ta koma k. In sunan wuri ne akan ƙara masa -ensis, in na namiji ne -i, in na mace ne -ae, in siffa ce ta Latin dole ta dace da jinsin sunan gidan. Ana iya ɗaukar kalmar Hausa yadda take a sa, kuma ina ganin wannan abu ne mai kyau ga dabbar da aka samu a ƙasar masu harshen. Ba a saba mutum ya sa sunan kansa ba, sunansa da shekara za su biyo bayan sunan dabbar dama. A tabbatar ba a taɓa amfani da sunan a wannan gida ba.

Domin sunan ya tabbata, dole rubutun ya faɗa ƙarara cewa sabon nau'i ne, ya kawo bayani cikin kalmomi na abin da ya raba shi da sauran, ya ware samfurin da sunan zai rataya a kansa, ya kuma faɗi inda aka ajiye shi. Wannan samfuri shi ne holotayif: baligin namiji ɗaya, mafi cika, wanda bisa al'ada ake sa wa jar takarda. Sauran da aka yi bayanin da su faratayif ne. A ajiye su a tarin hukuma mai lambar rajista da mai kula, inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya gani, kuma ya fi kyau a raba faratayif tsakanin wuri biyu, ɗaya a cikin ƙasar da aka samo su, saboda gobara ko bushewar kwalba. A ɓangaren rarrabewa kada ka rubuta "ta bambanta da launi". Ambaci 'yan'uwanta mafi kusa da sunansu, ka ce wannan tana da ƙaya biyu a wuri kaza, waccan ɗaya. Mujallun da aka saba kai irin wannan aiki sun haɗa da Zootaxa, ZooKeys da European Journal of Taxonomy, kuma masana za su tace shi kafin a buga. Tun gyaran dokar na 2012 ana karɓar bugun intanet zalla, da sharaɗin an yi wa aikin rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi, kafin ya fito. Kundin digiri da ba a buga ba, ko sanarwa a Facebook, ba sa tabbatar da suna, kuma fitar da sunan kafin bugu yana jawo ruɗani, don haka riƙe shi har ranar.

In kuma ta tabbata an riga an san ta, kada ka zubar da aikin. Nau'in da aka siffanta da layi biyar a ƙarni na 19, sabon bayaninsa da zanen gonofod da hoton mai rai da lambar COI abin bugawa ne, haka ma rahoton farko na samunsa a wata ƙasa ko jiha. Abin da ƙwararre zai buƙata daga gare ka a saƙon farko shi ne hoton dabbar da rai, hoton fuska daga gaba, hoton telson daga gefe, gonofod daga kusurwa huɗu, yawan zobba da kaurin kowane namiji, da cikakken abin da ke kan takardar cikin kwalba.